Minti Uku na Yaya Arzika

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da muka kai yayana Arzika makwancinsa a Dumega. Duk ranar da na kunna rediyo na ji shugaban majalisa yana buga tebur, yana cewa wane ya fita daga tsari, shi nake tunawa, sai abinci ya fita raina.

Bayan samun mulkin kai aka kafa majalisar yanki mai zama a Dogon Dutsi, aka ɗauki Arzika ya wakilci garinmu. Manomi ne, bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, amma in ya buɗe baki ana saurare. Ni da na yi lakwal aka ba ni aikin tafinta. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, kowa da katinsa a aljihu, duk da haka an san 'yan gaban goshi, an kuma san waɗanda ake wa kallon tsoffin 'yan adawa. Yayana yana cikin na biyun.

Dokar zama a rubuce take. Ba mai magana sai parzidan, wato shugaban zama, ya ba shi izini. Minti uku ne, ƙararrawa na bugawa ka zauna. Abin da tafinta ya juya da Faransanci kaɗai ke shiga takarda.

A wani rani, wani jigon jam'iyya ya kewaye rijiyar makiyayan gabas da Dumega da shinge, ya mai da wurin lambu. Kakannin makiyayan ne suka haƙa ta. Shanu suka fara faɗuwa, Arɗo Buba ya zo da kansa ya roƙi Arzika ya kai kukansu.

Ranar zama, da aka ba Arzika izini sai ya miƙe, ya tuɓe takalma, ya fara: "Ranka shi daɗe, an kwana lahiya? Ina gajiya? Ina iyali?" Ya bi dattawan zauren ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Ina jan bakin rigarsa, ko a jikinsa. A wurinmu wanda ya kawo kuka bai gaishe da manya ba, ba ɗan mutane ba ne. Yana cewa, "To, zancen rijiya," sai ƙararrawa.

"Ban hwara ba tukuna," in ji shi.

"Lokacinka ya ƙare. Zamna," in ji parzidan.

"Wanga da yay yi magana kahin ni ya kai rabin awa shina yabon jam'iyya. Ƙararrawarka barci ta yi?"

Zaure ya fashe da dariya, kuma dariyar ce ta kashe shi. Aka ce ya yi wa kujerar shugaba rashin ladabi. Parzidan ya dube ni ya ce in juya gaisuwar kawai. Ina da mata da yara biyu, na kuma ga mutanen da motar hukuma ta zo ta ɗauka ba su dawo da wuri ba. Na juya gaisuwar kawai. Aka ɗaga hannu, aka dakatar da shi, ba a sake kiransa ba.

A hanyar gida ban iya kallonsa ba. Sai da muka wuce Tibiri ya ce, "Nomau, bar damuwa. Ni nig gaishe su." Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Kafin damina makiyayan suka kora abin da ya rage musu suka ƙetare iyaka. Shi kuwa Arzika, tun daga ranar ya daina doguwar gaisuwa. Ka tare shi a kasuwa, "lahiya" ɗaya zai ce ya wuce. Mutane suka ce majalisa ta sa masa girman kai, bai taɓa gyara musu ba har ya bar duniya.

Yau jam'iyyu sun yi yawa, kowa na da bakin magana, ana alfahari da haka. Ni ma ban ce majalisa ta zauna ba doka ba, in ba haka ba kasuwa za ta zama. Sai dai na san da Arzika yana nan, ba zai tambayi minti nawa ake ba mutum ba. Zai tambayi ƙararrawar a hannun wa take, kuma ba ni da amsar da za ta faranta masa rai.

Bara jikarsa Hadiza, mai karatu a jami'a, ta je ta tono tsoffin takardun zaman. Layi ɗaya ta samu da sunan kakanta, ta karanta mini: wakilin Dumega ya gaishe da majalisa, ya yi godiya.

"Kaka, shi ke nan abin da ya ce?"

Na ce mata abin da ni na ce wa majalisa ya ce ke nan.

Parzidan ya rasu, mai lambun ya rasu, rijiyar ta rufta tuntuni, ba wanda zan kai wa gyara. Abin da Arzika ya je faɗi shi ne a buɗe wa makiyaya rijiyarsu, shanunsu na mutuwa. Na gwada da agogo, bai kai minti ɗaya ba har da fassara. Allah ya jiƙan yayana, ni kuma ya yafe mini.