Ƙarar da Auta Kaɗai Yake Ji

Auta ƙanena ne, ni na goya shi, don haka ba mai faɗa mini halinsa. Tun yana ɗan mitsitsi kunne gare shi. In keken ɗinkin babanmu ya sauya murya, shi zai fara cewa, "Baba, keken nan mura yake yi." Da ya girma bai ga sana'ar yi ba sai tuƙa jirgi mai saukar ungulu, wannan mai fanka a ka. Yakan kai ma'aikata inda mota ba ta zuwa, wani lokaci ya ɗauko majinyaci. Na ce, "Duk ƙasar nan da Allah ya shimfiɗa ba ta ishe ka ba?" Ya ce, "Yaya, a sama babu ramuka."

Zama kusa da shi a mota azaba ne. Kana masa magana, idonsa na waje: "Nan zan iya sauka. Can a'a, akwai wayar lantarki." Ashe haka ake koya musu, kullum mutum ya riƙe fili a ransa ko inji zai yi masa tsiya.

Sai da furfura ta fara masa sannan tsiyar ta zo. Injin ya mutu suna sama, ya sauke jirgin a gonar wani bawan Allah. Ba wanda ya ji rauni sai wani fasinja da ya ciji harshensa. Gida ya cika da masu barka da arziki. Ni na jira suka watse, don akwai abin da ke cina.

"Kai Auta, abu mai nauyin babbar mota, injinsa ya mutu, me ya hana shi faɗowa kamar dutse?"

Ya jawo tsintsiya ya kwantar a hagunsa. Ya ce akwai sanda a nan, in ka ja ta sama jirgi ya hau. Da inji ya mutu, hancin jirgin zai fizge gefe, ƙahon gargaɗi ya kama ihu, jikinka duka ya ce ja sandar. In ka ja, fankar ta rage gudu, shi ke nan. Dole ka danna ta ƙasa, nan take.

"Wato kana faɗuwa, ka kuma ƙara wa faɗuwar?"

"Iskar faɗuwar ce take juya fankar. Sai ka zo dab da ƙasa ka ja sandar, sau ɗaya tak, ka kashe gudun fankar da ka tara."

Na jinjina kai. "To shi injin, haka yake mutuwa ba ko sallama?"

Ya leƙa ya ga matarsa ta shiga kicin, sannan ya rage murya. Ya ce injin yana sallama. Akwai wani ɗan maganaɗisu a cikin man injin, in ƙarfe ya fara cin ɗan'uwansa garin yakan manne masa, sai wata fitila rawaya ta kama a gaban matuƙi. Ta jirginsu ta sha kamawa a banza saboda laima a waya, har suka raɗa mata Maƙaryaciya. Ranar da injin ya mutu, ta ƙifta sau ɗaya ta ɗauke. Ya kuma ji wata siririyar ƙara, kamar sauro a bayan kunne. Ya ce a ransa, bari dai mu ƙarasa.

Na ce, "Maƙaryaciya ta faɗi gaskiya sau ɗaya, ba wanda ya tanka mata."

Bayan ya koma aiki sai aka shiga wani sabon babi. Yana cikin tafiya sai ya ji sauron nan, ya sauka. Ya sauka a filin ƙwallo, ya sauka a bakin kogi. Babban bakanikensu ya kwaso kayan aiki ya bi shi, ya buɗe, ya shinshina, ya rufe, ba komai. Abokan aiki suka sa masa suna Akwai-Mai-Sauka, kamar fasinjan bas. Likitan kunne ya duba shi ya ce kunnensa ya fi na yaro lafiya. Daga ƙarshe kamfani ya yanke magana: zai tashi da mai gwada matuƙa, in ya sake sauke jirgi ba dalili, kujerarsa ta tafi.

Matarsa ta zo mini ido jawur. "Yaya, ke yake jin maganarki. Mutumin nan in aka raba shi da sama, ban san me zan ajiye a gida ba."

Na same shi a tsakar gida yana gyaran famfon da lafiyarsa ƙalau.

"Da ba ka yarda da komai, yanzu ka yarda da komai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu."

"Yaya, in tsumman ya motsa fa?"

"Iska ce."

"Haka na ce wancan karon."

Na ce to ya jiyar da ni ƙarar. Ya kai ni gaban firji, ya sa na manna kunne. "Ƙarƙashin gurnanin, akwai wata 'yar siririya. Irinta ce, amma ta jirgin tana rawa." Na saurara har wuyana ya ƙage. Na ce, "Ni firji nake ji, kuma yana bukatar wanki."

Ranar gwaji, shi ya ba ni labari da bakinsa. Mai gwajin wani dogo ne mara fara'a. Suna sama ya rage wa injin wuta ba gargaɗi, hannun Auta ya danna sandar tun kafin ya yi tunani, ya kawo jirgin sumul. Dogon ya ce madalla, a koma gida. Sun hango rufin rumfar jiragen ke nan sai sauron ya zo. Fitila ba ta kama ba, allurai duk suna tsaye inda ya kamata.

Auta ya ce, "Ranka ya daɗe, kana ji?"

"Ba na jin komai. Ka riga ka ci, ga gida can, ƙarasa kawai."

Ya ce da ma dogon wata kalma ya faɗa ban da wannan. Ya sauke jirgin a wani fako, mutanen rumfa suna kallonsu daga nesa. Aka buɗe, aka zaro maganaɗisun, fes da shi. Aka tace man, ba ko ƙwayar gari. Kujera ta tafi.

Yanzu a ƙasa yake koyarwa, a wani ɗaki mai kujerar jirgi ta ƙarya. Wani ne ke tuƙa jirgin nasa, kuma har yau lafiya lau yake zuwa yake dawowa. Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce kullum, amma da za a mayar da shi, zai sake sauka.

Ni kuwa abin bai bar ni ba. Na matsa masa sai da ya kai ni bakin shingen filin jirgin, da hantsi, lokacin tashin jirgin. Fankar ta fara juyawa, ƙasa ta ɗauki rawa. Ya damƙe mini wuyan hannu. "Ga ta nan! Yaya, ga ta nan!"

Na ture ɗankwali daga kunnena, na kasa kunne iya kasawata. Ruri kawai na ji. Amma na lura da babban bakaniken nan, wanda ya rantse babu komai. Yana tsaye da sifana a hannu, kansa a karkace kamar mai saurare, kuma bai koma cikin rumfa ba sai da jirgin ya ɓace.