Ranar da Taubashina Ya Daina Zagina

Ko an shafe mini komai a ka, ba zan manta shekarar da aka sa muryar taubashina a rediyo ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni kuwa ina zaune ƙofar gidan waya a Damagaram da ɗan teburina, ina rubuta wa mutane takardu da Faransanci. Na yi lekol, wato makarantar boko, kuma gaskiya ina ji da kaina.

Garinmu yana can wajen Droum, rijiyarmu guda ɗaya tak, ta rufta. Mata sai su yi tafiyar rabin yini kafin su samu tulu ɗaya, har da tsohuwata. Shekara uku ina rubuta takardun kuka ina kai wa ofis, tun zamanin kumandan Bature har aka sa namu. Ko amsa ba a taɓa ba ni ba.

Sai ga labari wai wani ma'aikacin rediyo yana zagaya ƙauyuka da akwatin ɗaukar magana. Na guge rigata, na haddace jawabi, na tafi gida. Mutumin ya saurare ni kaɗan, ya kira ni yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, ya ce, "Mushe, wanda ke jan igiyar guga nake nema." Ya wuce ni ya tsuguna gaban taubashina, ɗan kawuna, manomin gyaɗa wanda ko sunansa bai iya rubutawa. Mun tashi tare muna tsiyar taubasantaka. Shi yake ce mini "bawana mai alƙalami", ni in ce masa "jakin gona". Ranar ma da ya ga na yi turus sai ya ce, "Bawa, riƙe mini takalmi, ubangidanka zai yi magana da gwamnati."

Aka yi dariya. Ni kam ban yi ba. Hassada ce ta cika ni fal, ban tsaya na ji abin da zai faɗa ba. Na wuce gidan wani babba mai faɗa a ji a yankinmu, na ce masa wancan yaron ya ci mutuncin manya a cikin akwatin baƙo, ya ce sun bar talakawa da ƙishirwa. Ban ji ya faɗa ba, ƙirƙira na yi. Kwana biyu aka aiko dogarai suka tafi da shi, ana tsakiyar cirar gyaɗa.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar, muna shagon wani tela mai rediyo a Birni, sai ga muryarsa garau. Bai zagi kowa ba. Ya ce matan garinmu hannuwansu sun yi kanta, ya ce sun jefa ƙuri'a kamar kowa, don haka suna roƙon ruwa kamar kowa. Sannan mai tambaya ya ce wa ya koya masa haka. Ya ce, "Taubashina ne, yana Damagaram. Shekara uku yana rubutu saboda mu, bai karɓi komai ba. Shi ya ce mana talaka ma yana da baki."

Tela ya dafa ni yana cewa, "Ai kai ne ake faɗa!" A wannan lokacin mutumin yana ɗaure saboda ni.

Da maganar ta bazu, kunya ta sa aka sake shi, amma gyaɗarsa rabi ta lalace a ƙasa. Kafin damina masu haƙa suka zo, aka ɗaure rijiyar da siminti. Tsohuwata ta sha ruwanta har ta rasu.

Na je masa sannu ina fatan ya zage ni. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa da kansa, ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe. Ya hanya?" Ashe an gaya masa ni na kai ƙararsa. Ya ƙara shekara ashirin da wani abu a duniya, bai sake ce mini bawa ba ko sau ɗaya.

Abin da na koya shi ne, in aka miƙa wa talaka abin magana, ba kullum manya ne ke fara toshe masa baki ba. Wani lokaci ɗan'uwansa ne da ke ganin shi ya fi cancanta a ji. Ni na yi, kuma har yau in na ji taubasai na tsiya a kasuwa, sai in sauya hanya.