Na'urar da Ta Tsaya Jiran Don Fidencio

Shekara ashirin da biyu Don Fidencio Colque ya yi yana kula da kwamfutocin asibitin mahaƙa ma'adinai a nan Oruro. Ɗan mahaƙi ne. Tarin rami ya ci ubansa, shi kuwa ya rantse ba zai shiga ƙasa ba sai ranar da aka ɗauke shi. Ga taurin kai, ga rowar bayani. Ni ce mataimakiyarsa. In na tambaye shi abu, sai ya cusa ganyen koka da mutanenmu ke taunawa a kunci ya ce, "Ke dai Basilia, zuba ido. Rubutu na masu mantuwa ne." Haushi nake ji, amma duk abin da na iya a wurinsa na koya.

Babbar na'ura ɗaya gare mu, kwamfutoci shida ke zaune a cikinta: ta likita daban, ta ɗakin magani daban. Manhaja ɗaya ke tayar da su tana kiwon su.

Ya rasu a watan Yuli. Ranar kwana tara matarsa, Doña Remigia, ta zo kwashe kayansa a ƙone, kada ransa ya dawo nema. Ni da hannuna na jawo mata wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin teburinsa, tunda tasa ce ta kansa.

Wata Litinin da safe aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, manhajar ta tsaya cik, ba ta mutu ba, ba ta tashi ba. Ga marasa lafiya talatin daga garin Huanuni sun cika benci suna tari, ba a iya buɗe bayanan kowa. Wani tsoho ya leƙo ya ce, "'Yata, motarmu sha biyu za ta juya fa."

Sau uku na kashe na kunna, a banza. Sai na bi bayanan da take rubutawa layi-layi. Ashe jira take yi. Kafin ta tashi sai ta nemi wata ma'ajiya mai suna fidencio, wadda ke cikin tsohuwar kwamfutar nan tasa, kuma bai sa mata iyakar jira ba. Can yake tara tsofaffin hotunan ƙirjin mahaƙan da suka mutu, har da na ubansa.

Na kira Doña Remigia. "Inna, kwamfutar nan, da gaske an ƙone ta?"

"Ƙurmus, 'yata. So kike ya rasa hutu?"

Na ajiye wayar. Sha ɗaya da kwata na buɗe saitin manhajar, na tarar da sunansa a layi ɗaya tak. Wallahi ranar jana'izarsa ma ban ji ciwo haka ba. Na goge shi.

Ko minti ɗaya ba a yi ba duka shidan suka tashi. Aka kira tsohon nan ya shiga wurin likita. Ni kuwa na rufe ƙofa na yi kukana, don duk ginin nan na'urar kaɗai ta rage tana jiransa, ni kuma na hana ta.