Wayar Jefa-Ƙasa a Cikin Bango

Duk wanda ya taɓa kai bulo wurin ginin da Jefa-Ƙasa yake aiki ya san inda sunan ya samo asali. Mota za ta tsaya, kafin a sauke komai sai tsohon birkilan ya zo ya zaro bulo daga tsakiyar lodi, don a wurinsa na saman na ado ne. Ya ɗaga shi daidai ƙirji ya sake. In ya tsira, a sauke kaya. In ya watse, direba ya juya da abinsa, ko da ɗan kwangila zai wuni yana kumfar baki. Tun yana saurayi haka yake, kuma halin bai tsaya kan bulo ba. Lebura mai saurin cewa to yana da abin da yake ɓoyewa, wanda ya tsawaita gaisuwa kuwa roƙo ya kawo shi. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce da ana jefa mutane ƙasa, da bai bar mata ɗan'uwa ko ɗaya da ƙafa ba.

Wanda ya fi shan wannan zargi shi ne mijin autarsa, wani malamin makaranta mai sanyin murya da yawan murmushi. Bai taɓa yi wa tsohon laifi ba, kuma a wurin Jefa-Ƙasa wannan ɗin ne babban laifin. Mutum ya yi ta murmushi haka kawai? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ana nan sai jiri ya fara kama tsohon a kan katakon da suke hawa wurin gini. Ya ɓoye iya ɓoyewa, amma Auta a asibiti take aiki, ta gane a tafiyarsa. Ta auna jininsa, ta ce ya hau, za ta je ta shaida wa ɗan kwangila ya daina barinsa hawa sama. Wannan magana ta soke shi, don birkilan da aka hana hawa ya zama mai gadin siminti, kuma shi gini ne kaɗai abin da ya rage masa tun da gida ya yi shiru. Da ƙyar suka daidaita. Zai ci gaba da hawa, amma waya za ta zauna a jikinsa, in ta kira ya ɗauka. Ranar da ta kira ta ji shiru, ranar maganar za ta kai kunnen ɗan kwangila.

Washegari surukin ya zo da waya sabuwa, faffaɗa kamar tafin hannu biyu, wai don rubutun ya fito wa Baba da kyau. Ya haɗa da wata siririyar rigar waya mai kauri a kusurwoyi, ya ce ba ta da nauyi amma tana jure faɗuwa. Jefa-Ƙasa ya juya wayar, ya juya rigar, ya ce a ransa da walakin goro a miya. An kawo masa waya mai girman da dole ta suɓuce, da riga kamar ɓawon albasa, don ta fashe a ce ya karya alkawari. Ya karɓi wayar, ya tura rigar gaban mai ita, ya ce shi zai nemo wa kansa.

Ranar hutu ya sa rigarsa ta fita, mai zurfin aljihu, ya tafi layin masu kayan waya. Matar da ya tsaya a shagonta ba ta san ranar wahalarta ce ba. Ta fito da mai sheƙi, ya ce ta 'yan mata ce. Ta fito da mai laushi, ya ce da ita da babu duk ɗaya. Sannan ya zaro guntayen tayil da ya yanko daidai girman wayar, ya ce zai sa kowanne cikin riga ya sake a kan siminti. Matar ta ce ga hoto a jikin kwali, an nuna ana jefa ta daga bene. Ya ce hoton ai mai kayan ne ya zana. Haka ya yi ta jefawa, tayil na fashewa, maƙwabtan shago na leƙe. Can sai ta janyo wata baƙa daga ƙarƙashin teburin shagon, mai roba ciki da tauri waje, ga murfi a kan ramin caji. Ya jefa, ya ƙara jefawa, tayil ko tsagewa bai yi ba.

Matar ta ce, “Baba, wannan fa ba ta shiga aljihu.”

Ya zura ta a aljihun rigarsa, ta shige har da saura. Ya dube ta da idon wanda ya kama ɓarawo, ya tabbata so take ta liƙa masa wata daban wadda ta fi kawo mata riba. Ya biya kuɗin baƙar, ya tafi gida yana jin ya yi maganin mutum biyu a rana ɗaya.

Sai dai ba da rigar fita ake gini ba. Da ya sa wandon aiki, waya ta ƙi shiga, rabi a ciki rabi a waje, in ya sunkuya ta tokare shi a cinya. Komawa wurin matar nan abin kunya ne, neman rigar suruki kuma ya fi. Da ya hau sama sai ya ga mafita a gabansa: ramin bulon layin da ya gama. Ya zura wayar, ta zauna daram kamar an auna. Nan ba ta faɗuwa, ba lebura mai gani, kuma hannu na kaiwa.

Da rana ta take, jirin ya zo. Ya dafa bango, ya zauna a kan katakon har duhun idon ya wuce, ya duba ko wani ya gani. Don kada a ce ya huta, ya tashi da zafi ya shimfiɗa kwaɓi, ya ja layi, ya ɗora wani a kansa. Sai da aka sauka cin abinci ya taɓa aljihu ya ji wayam.

Nan fa ya tara leburori. Wa ya hau? Wa ya miƙo kwano ya daɗe a sama? Kowa ya rantse, shi kuwa yawan rantsuwar ya ƙara masa zargi. Ana cikin haka sai ga suruki ya shigo a kan babur, ya ce Auta ta kira ta gaji, ba ta iya barin aiki, ta turo shi. Jefa-Ƙasa ya ce a ransa biri ya yi kama da mutum, ga wanda ya sa aka ɗauke wayar nan ya zo ganin ƙarshen wasa. Ga kuma ɗan kwangila can bakin ƙofa yana duba yashi.

Surukin bai nufi ƙofa ba. Ya danna tasa wayar, ya ce a yi shiru. Can sama, daga cikin sabon bangon, ƙara ta fara fitowa a shaƙe. Leburori suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa saboda dariya.

Tsohon bai taɓa rushe layin da ya ja da hannunsa ba, amma ranar ya hau da guduma ya fasa. Wayar ta fito lafiya lau, siminti ko taɓa ta bai yi ba. Wannan bai faranta masa rai ba. Yana tsaye da ita a hannu ya gane cewa shi, wanda ba ya manta inda ya ajiye ƙusa, ya gina waya a bango bai sani ba, kuma ya san abin da ya sa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a kan katako ba.

Yana sauka wayar ta sake ƙara, Auta ce. Ya jira surukin ya karɓe ya zayyana mata komai, ko ya shirga mata ƙarya don ya riƙe shi da ita har abada. Malamin bai yi ko ɗaya ba. Ya ja leburorin gefe, ya ce, “Baba, 'yarka ce, kai za ka faɗa mata.”

Ya daɗe yana kallon bayan mutumin kafin ya ɗauka.

“Baba, lafiya? Ina ka shiga?”

“Ina nan. Jirin ya dawo, Auta. Kada ki wahalar da kanki, ni zan gaya wa ɗan kwangila da bakina. Daga gobe layin ƙasa zan riƙa kamawa.”

Da ya kashe, surukin ya buɗe jakarsa ya fito da siririyar rigar nan, ashe tun ranar tana tare da shi. Jefa-Ƙasa ya karɓa ya ɗaga ta daidai ƙirji, leburori suka matsa baya don sun san abin da ke biye. Ya dubi rigar, ya dubi mai ita. Sai ya sauke hannu, ya zare wayar daga baƙar rigar, ya sa ta a cikin siririyar, ya tura aljihun wando.