Mumuni da Tirotinet ɗin Raliya

Ranar Alhamis, 4 ga Yulin 1968, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Mumuni mai gyaran keke na Zongo, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe ba. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Ni Hamidu, masinjan ofis, wanda ya baro lakwal, wato makarantar boko, a aji uku don mushe, malaminmu, ya gaji da ganina, ni ne na ɗauki alƙalami yau. Ka yi haƙuri, Mumuni. Wadda ta iya rubutu a gidana kuka ya hana ta.

Kai Bazabarme, ni Bagobiri, shi ya sa ba mu taɓa gaisawa ba sai da tsiya. Amma ranar da na zo rumfarka da maganar ɗiyata Raliya ba ka yi dariya ba. Shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu. Muna zaune a unguwar Gaweye, lakwal da nisa, kullum sai an shiga aji take isa, tana jan ƙafa. Daraktan lakwal ya ce in makarar ta ci gaba, zai ba wani yaro wurinta. Ni kuwa tun kafin a buɗe lakwal nake bakin aiki, ba halin in kai ta.

Ka ce a kawo maka ita. Ka auna tsayinta da igiya, ka sa ta tsaya a kan katako, ka duba yadda ƙafar ke zama, ka ce tirotinet za ka yi mata. Yaran Zongo da ƙarafunan mota suke yin ƙafafun tirotinet ɗinsu, keken nan da ake tsayawa a kai ana tunkuɗawa da ƙafa guda. Ka ce wannan ba zai yi a rairayin Yamai ba. Ka je har Plato, unguwar Turawa, ka samo tayoyin keken jariri da wata Baturiya ta yar. Ka kafa ɗan itace inda dugaduginta zai tokara, birkin kuma ka mai da shi hannu, tunda ƙafar ba ta iya takawa.

Da ka gama sai ka hana mu shi. Ka ce ba ya barin rumfarka sai ta iya tsayawa. Sauran yara na koyon gudu, ita tana koyon birki. Ka ja layi a ƙasa, in ta wuce shi a koma farko. Ka koya mata ta sauka ta tura da hannu in za ta ƙetare kwalta, kada kuma ta kama bayan babbar mota ko da wa ya zuga ta. Kowace Juma'a da safe takan kawo shi, ka girgiza kan, ka ƙara ɗaure kusoshi, ka ɗiga baƙin mai.

Ni ma na so in taimaka. Na ji yana ƙara, na zuba masa man gyaɗar Aisa, maiɗakina. Washegari tururuwan Gaweye duka suka zo walima. Ka wanke shi da kananzir, ka ce, "Bagobiri, keke ne, ba ƙosai ba." Ranar da na hau don in nuna wa yarinyar yadda ake yi kuwa, masuntan bakin kogi ne suka tsamo min hulata. Ita ko sau ɗaya ba ta faɗi faɗuwar da ta kai mu likita ba.

Darakta bai sake kirana ba. Mako guda kafin rasuwarka sakamakon jarrabawa ya fito: Raliya ta ci satifiket, ta kuma samu shiga kwaleji. Ta wuce gidanmu ba ta tsaya ba, sai gidanka. Na bi ta da gudu ina haki, na same ta durƙushe gaban shimfiɗarka tana cewa, "Baba Mumuni, na ci." Ka daɗe kana kallonta. Sannan ka juyo gare ni da ɗan numfashin da ya rage maka, ka ce, "Alhamdu lillahi, kan uwarta ta ɗauko." Ban rama ba. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Allah Ya jiƙanka, Mumuni, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Hadizatu, da 'ya'yansa, da dangi na Goudel, da masu gyaran keke na Zongo. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya wa 'ya'yansa kamar yadda ya tsaya wa tawa. Amin.