Minti Uku Babu Sallama

Shekara ashirin da uku na yi ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Turai, kuma ban taɓa jin an yi sallama a ƙofar ɗakin watsa shiri ba. Ƙofa ce mai kauri, da jar fitila a samanta. Idan fitilar ta kama, ko shugaban gidan ne sai ya tsaya. Da na ajiye aiki, wata ƙungiya ta 'yan ƙasarmu mazauna can ta nemi masu sa kai da za su zo gida su koyar da sana'arsu na wata biyar. Na ba da sunana. Aka tura ni wata cibiyar matasa a Panshekara, in koyar da haɗa shirin rediyo. Ni haifaffiyar Kano ce, saboda haka na ɗauka babu abin da zai zame mini sabo.

Cibiyar ɗaki uku ce da tsakar gida, da darbejiya a bakin ƙofa. Ɗaki ɗaya na masu koyon ɗinki, ɗaya na kwamfuta, ɗaya ofis. Shugabanta dattijo ne da kowa ke kira Baba. Shekara talatin ya yi a wata masaƙa a Bompai kafin a rufe ta, kuma injina sun taɓa masa kunne, don haka ko sirri zai faɗa maka, sai maƙwabta sun ji. Shi ya ba ni siton da ake ajiye kujeru. Muka share, muka manna kiret ɗin ƙwai a bango, na rataya bargo a taga, na kafa makirufo a kan tebur.

Mutum goma sha bakwai suka rubuta suna a ajina. Ban taɓa ganin fiye da shida a lokaci ɗaya ba. Kusan duka aikin kamfani suke yi a Challawa da Sharada: masu jimar fata, masu leda, masu taliya. Wanda yake aikin safe wannan makon, mako mai zuwa yana na rana, na gaba kuma yana na dare. Wasu ma kullum sai sun je bakin ƙofar kamfani sun tsaya kafin su san ko za a ɗauke su ranar. Na rubuta jadawali na manna, na sake, na sake, har suka sa mini suna Hajiya Agogo. A gabana suke faɗa.

Duk wannan na iya da shi. Na gane lokacin da mai walda na maƙwabta yake kashe janareto ya tafi salla. Na koyi tsayawa idan tirela za ta wuce. Abin da ya gagare ni shi ne sallama.

Babu wanda zai wuce ƙofar siton nan bai yi sallama ba. Malamar ɗinki, mai kawo ruwa, mai tallan awara, iyayen da suka zo neman 'ya'yansu. Kuma babu ɗalibin da zai ji sallama bai amsa ba, ko da yana tsakiyar jimla, bakinsa a makirufo. Na rubuta da jan alƙalami: ANA ƊAUKAR MURYA, A YI SHIRU. Na manna a ƙofa. Suka karanta, suka girmama takardar, suka koma yin sallama a hankali, dab da ramin mukulli. Makirufo kuwa ya fi son irin wannan.

“Idan an yi sallama kada wanda ya amsa,” na ce musu wata rana.

Wani saurayi mai aikin fata ya dube ni. “Anti, mutum yana tsaye fa.”

“Ya tsaya. Minti nawa ne?”

“To in babana ne?”

“Babanka ya san kana nan?”

“A'a. Amma in ya zo fa?”

Aka yi dariya, aka ce to. Kafin a tashi, mai ruwa ya yi sallama, mutum huɗu suka amsa tare.

A wata na biyu na sa sakata. Ranar muna ɗaukar hira, ta yi kyau kamar ba a siton kujeru ba, sai ga muryar Baba a ƙofa yana sallama. Na ɗaga hannu na hana kowa motsi. Ya sake yi. Ɗaliban suka sunkuyar da kai. Ya yi ta uku, sannan muka ji takalminsa yana tafiya. Hirar ta lalace duk da haka, domin wadda ake hirar da ita ta kasa ci gaba.

Na same shi a ofis na yi masa bayani. Bayani na yi, ban ba da haƙuri ba, kuma a lokacin ban ga bambancin ba. Na faɗa masa yadda makirufo yake, da yadda ake yi a inda na fito. Ya saurara har na gama.

“Ba komai, Hajiya,” ya ce. “Na yi uku na tafi, yadda aka koya mana. Baƙi ne daga unguwa suka zo gaishe ki, na ce musu kina da uzuri.”

Daga ranar bai ƙara zuwa ƙofar ba. Gaisuwarmu ta koma “an tashi lafiya” da “lafiya lau”. Mutanen unguwa kuwa ba su fasa ba.

A cikin ɗaliban akwai wata yarinya 'yar shekara ashirin da ɗaya, 'yar asalin wani ƙauye a Jigawa, tana zaune wajen yayarta a Panshekara, tana ɗinkin buhu a wani kamfani a Sharada. Na yi aiki da masu karanta labarai da yawa, na san murya idan na ji ta. Ba ta sauri, ba ta haɗiye ƙarshen kalma, kuma ta san inda ake numfashi ba tare da an nuna mata ba. Yatsunta biyu kullum a naɗe da filasta saboda zare.

Saura mako uku in tafi, wani gidan rediyo a cikin gari ya ba da sanarwar zai ɗauki matasa ya horar. Abin da ake so kaɗan ne: muryar mai nema tana karatu na minti uku, a tashi ɗaya, ba yanka ba haɗi. Za a rufe karɓa washegarin ranar da zan tashi. Ta zo ta same ni da sanarwar a wayarta.

“Anti, kina ganin zan iya?”

“Za ki iya. Minti uku ne kawai.”

Na faɗi haka kamar ban san inda nake ba. Mun gwada sau uku. Na farko, an ɗauke wuta, mai walda ya tada janareto bai kashe ba har ta tafi. Na biyu, aka sauya mata lokacin aiki ba sanarwa, na zauna ni da makirufo har la'asar. Na uku mun kai minti biyu da daƙiƙa arba'in, malamar ɗinki ta yi sallama tana neman almakashi. Yarinyar ba ta amsa da baki ba, ta yi ƙoƙari, amma muryarta ta karye, kuma ana ji. Na yi tunanin gidan ƙanena inda na sauka, sai dai injin markaɗe ne a jikin katangarsa daga safe har magariba. A gidan yayarta kuma yara biyar ne a ɗaki biyu.

Abin da ya rage mana shi ne ranar ƙarshe. Tana aikin rana, za ta shiga ƙarfe biyu, dole ta kama adaidaita ƙarfe ɗaya. An sa taron ban kwana bayan la'asar, don haka na lissafa muna da safiya guda cur. Ban lissafa da cewa duk wanda ba zai samu zuwa taro ba, da safe zai zo ya yi mini sallama.

Tun ƙarfe tara suka fara. Masu aikin dare da suka taso ba su ko runtsa ba, iyayen ɗalibai, matar mai unguwa da kwanon dubulan, mai walda da kansa. Kowa sai ya zauna, ya tambayi jirgi, ya tambayi yara, ya ce a yafi juna. Ba za ka ce wa wanda ya zo neman yafiya ya dawo anjima ba. Yarinyar tana zaune a kusurwa da takardarta, tana duban agogon hannuna. Sha ɗaya ta yi. Sha biyu saura kwata na rufe ƙofa, muka fara, daƙiƙa hamsin aka yi sallama. Na kashe na'urar na zauna.

“Anti,” ta ce, “me zai hana a ce wa Baba ya zauna a waje ya karɓar miki?”

“Ya karɓi me?”

“Gaisuwa. Kamar a gidan suna ko zaman makoki. Ai ba mai abin ne ke amsa kowa ba, akwai wanda ake zaunarwa. In sun ga Baba ba wanda zai ƙaraso nan.”

Na san wannan. A ƙofar gidanmu an yi shi da aka yi rasuwar mahaifina, kawuna ya zauna kwana uku yana karɓa. Wata biyar ina manna takarda da jan alƙalami, mutumin da zai yi mini wannan yana ɗaki na biyu, ni kuwa na sa masa sakata.

Na same shi yana duba jerin masu jawabi. Na durƙusa, abin da ban yi wa kowa ba tun zuwana.

“Baba, ku yafe mini abin da na yi muku a ƙofa. Kuma alfarma na zo nema.”

“Me kika ce?”

Sai da na maimaita da ƙarfi, har masu ɗinki suka ji. Ya saurari buƙatar, ya cire tabarau.

“Yau kika san da wannan? Ai da kin faɗa tun ran da kika zo, da na sa benci. Mu mun ɗauka a Turai haka ake yi, a rufe ƙofa mutum ya yi ta magana da katako.”

Ya ɗauki benci ya ajiye a bakin siton. Muka fara. Baƙo na farko ya iso, Baba ya amsa masa, allurar na'urar ta buga har ƙarshe. Na leƙo.

“Baba, ana jin ku.”

“Ni? Raɗa fa nake yi.”

Aka mayar da bencin ƙarƙashin darbejiya, can bakin ƙofar waje. Sha biyu da minti ashirin ta fara karatu. Ina kallon daƙiƙoƙi, hannuna a kan baki. Daga nesa ina jin gunjin muryarsa kaɗan kaɗan, amma bargo ya tare. Ta kai ƙarshe a minti uku da daƙiƙa huɗu. Muka saurara sau ɗaya, na tura mata a waya, na tsaya a kanta har ta aika wa gidan rediyon. Ta saɓa jakarta.

“Anti, zan makara. Allah ya kiyaye hanya, a yafe mini.”

“Jeki. Kada ki tsaya gaishe da kowa.”

Ta tsaya ta gaishe da Baba. Na ɗaga bargo ina kallonta ta taga.

Da na fito, mutum tara ne a jere ƙarƙashin darbejiya suna shan ruwa, ba wanda ransa ya ɓaci. Bayan la'asar aka yi taro. Jawabi bakwai, addu'a, hoto, da turmin atamfa. Baba ya ce na koya wa yara kiyaye lokaci, ɗaliban suka ƙyalƙyale da dariya, domin an fara taron da jinkirin awa ɗaya. Aka ce in yi magana. Na yi godiya, na nemi yafiya, na zauna. Abin da ke raina shi ne kwamfutata, da guntayen shirye-shiryen sauran mutum goma sha shida a ciki, ko ɗaya bai kammala ba. Saurayin nan mai aikin fata yana da hira da kakarsa a kan yadda Challawa take kafin a gina kamfanoni, kuma sau biyar sallama ta raba ta. Da benci guda za a gama su duka.

Bayan wata ɗaya da komawata yarinyar ta aiko mini da saƙon murya. Ta gaishe ni, ta tambayi sanyi, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta isar da gaisuwar yayarta da ta Baba da ta malamar ɗinki. Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin kafin ta zo kan magana. An ɗauke ta cikin masu horo, ranar Asabar da Lahadi, ba albashi tukuna. Ɗinkin buhu yana nan, kuma duk makon da aikinta ya faɗa Asabar sai ta nemi mai musanya da ita. Ta ce an mayar da kujeru cikin siton, amma ba a ɓanɓare kiret ɗin ƙwai ba. Takardata ma tana nan a ƙofa, kuma har yanzu masu wucewa suna rage murya idan za su yi wa kujerun sallama.