Ɗigo Ko Kashin Ƙuda: Jinjina Ga Malam Hayatu

Kafin a buga ƙararrawar shiga aji, za ka tarar da Malam Hayatu a gindin darbejiya, tabarau a kan hanci, reza a hannu, yana kankare takarda. Baƙo zai ɗauka makin ɗan wani babba yake gyarawa. Takardun busa ne na badujalar wata makarantar sakandare a unguwar Djamboutou, abin da mu a Garwa muke kira fanfar. An yi musu fotokwafi, an yi wa fotokwafin fotokwafi, har tawadar inji da kashin ƙuda sun cika su da ɗige-ɗige.

A wannan sana'a kuwa ɗigo ba ado ba ne. In yana kan sauti, cewa yake a datse sautin da harshe. Layi mai lanƙwasa kamar baka yana nufin a ja da numfashi ɗaya. Sanda mai ɗigo biyu kuma, maimaita abin da ka gama busawa. Wata shekara ɗalibansa sun yi makonni suna yanka taken ƙasa gutsi-gutsi bisa umarnin ƙuda.

"Alain, wa ya sa wannan ɗigon?" ya tambayi mai babban ƙaho.

"Mawallafi, Malam."

"Shafa masa yawu mu gani."

Ɗigo ya goge.

"To, mawallafin naka yana can mahauta yana cin abinci."

Dokarsa ɗaya ce: ba ka taɓa ƙaho sai ka iya faɗin layinka da baki. Ta, ta, taa. Masu wucewa sun daɗe da yanke hukuncin cewa makarantar na kiwon agwagi.

Sai aka kawo sabon shugaban makaranta, mutum mai son ci gaba, musamman irin wanda ake sakawa a soket. Ana shirin faretin 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa, ya saurari atisaye, ya ji kuskure, ya kira Malam ofis.

"Malam Hayatu, gaban manya za mu wuce. Na samo lasifika. Yara su riƙe ƙahoni su kumbura kumatu, na'ura ta yi busa."

"Ranka ya daɗe, busa na koya musu. Kumbura kumatu ko mai ciwon haƙori ya iya."

"In sun yi kuskure fa?"

"Nasu ne. Su suka sha wahalarsa."

Aka kulle ƙahoni a ɗakin ajiya, shugaba ya sa makulli a aljihu, aka ce fanfar ta tashi daga aiki. Ranar fareti aka jera masu busa cikin sauran ɗalibai, hannu banza, a bayan motar lasifika. Malam yana bin gefen titi cikin 'yan kallo. Da suka doso rumfar manya sai ya ɗaga hannu. Habiba mai kilarinet, sarewar Turawa, ce ta fara, da baki: ta, ta, taa. Alain ya shigo da nasa daga ƙasa, yana maimaitawa inda takarda ta ce a maimaita. Sauran suka ɗauka, kowa da layinsa. Wani mahauci da ya tsaya kusa ya ce lasifikar ta fi su ƙara, amma su mutane suka juya suna kallo. Ya ce ya ga hawaye a fuskar Habiba, bakinta kuma bai tsaya ba.

Lada ya zo wa Malam da wuri: takardar neman ba'asi. Ƙarin girma ya bi ta wani titi, bai sake ganinsa ba. Amma da aka dawo hutu mai gadi ya miƙa masa makulli, ya ce an ce a ba shi. Wa ya ce, bai faɗa ba. Bana ma fanfar ta fita fareti da ƙahoninta, ta yi kurakuranta da kanta.

Kai ne, Malam, ka ƙi yarda a koya wa 'ya'yan mutane ƙarya da kayan makaranta. Kai ne ka ɗauki ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba da muhimmanci, a garin da ake sa hannu a takarda ba a karanta ba. Gagara-lasifika, ƙarshen wannan zango za ka ajiye aiki, kuma ba na jin akwai wanda ke ɗinka ankon bikinka.

Useko, mun gode, Malam Hayatu. Allah ya ƙara lafiya da tsawon numfashi. Mu kuma da ke zaune a ofisoshi, ba wanda ba a taɓa ce wa ya kumbura kumatu na'ura ta yi busa ba. In an sake faɗa, ko murya na rawa, a ce a'a.